Allurar Sinawa don rage ciwo: fashin baƙi ga mai shirin gwadawa karon farko

Ciwon da ya daɗe a jiki yana da turbar da yake jan mutum a kai. Telan da ya wuni sunkuye kan keke a Kasuwar Barci, direban da ke lodi daga Kawo zuwa Zariya, dattijuwar da gwiwa ta mayar da sallarta kan kujera, kusan hanya ɗaya suke bi. A fara da kemis, a haɗo diklofenak da ibufurofen. A koma man zafi. A je wurin wanzami a yi ƙaho. In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wani ya fara raɗa sunan taramadol. A tsakanin nan ne yawanci ake jin labarin akufanca, wato allurar Sinawa, daga bakin wanda zai rantse tana warkar da komai, ko wanda zai ce damfara ce kawai. Abin da bincike ya tabbatar shi ne tana rage wasu nau'o'in ciwo, ragi na tsaka-tsaki, kuma ba ga kowa ba. Ribar mai gwadawa ta farko ta rataya ne kan shirin da ya yi tun kafin ya hau gadon.

Kalmar allura ce ke fara rikita mutane. Allurar asibiti bututu ce mai rami da ruwan magani ke bi, bakinta kuma yankan fata yake yi. Wadda aka saba ɗibar jini da ita kaurinta ya kai milimita 0.8. Ta Sinawa ba rami, ba magani a cikinta, ba magani a jikinta. Siririn ƙarfe ne marar tsatsa, kaurinsa yawanci tsakanin milimita 0.16 da 0.30, tsawonsa daga milimita 13 zuwa 75 ko fiye, da mariƙi a sama. Gajerun na kunne ne da fuska da yatsu, dogayen na ɗuwawu da cinya inda nama ke da kauri. Saboda sirantarta takan kutsa tsakanin nama ne, shi ya sa jini bai cika fita ba. Nan ta bambanta da ƙaho da tsaga da sakiya: ba a neman fitar da komai daga jiki.

Sinawa sun haura shekara 2,000 suna wannan aiki. A fahimtarsu ta gargajiya akwai wani ƙarfin rayuwa da suke kira chi, yana zagaya jiki ta manyan hanyoyi 14, in ya toshe sai ciwo ya taso, allura kuma ta buɗe masa hanya. A kan hanyoyin akwai gurabe 361 da ake soka allurar, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita wurarensu a 2008, kowanne da sunansa da lambarsa. Wasu kan fassara chi da iska, har mai ji ya ɗauka maganar iskoki ake yi. Ba haka ba ne, ma'anar ta fi kusa da numfashi, kuma aikin ba ya tattare da surkulle ko kiran wani abu. Masana sassan jikin ɗan Adam dai ba su ga waɗannan hanyoyi a matsayin wata jijiya ta musamman ba. Abin da suka gani shi ne allurar tana taɓa ƙananan jijiyoyin saƙo da ke cikin fata da tsoka, saƙon ya bi ta laka zuwa ƙwaƙwalwa, jiki ya saki sinadaransa na kashe zafi, irin su endofin. An gwada wannan tun shekarun 1970: da aka ba da naloksan, maganin da ke toshe aikin waɗannan sinadarai, sai sauƙin da allurar ke kawowa ya ragu. Akwai kuma bayanin da Melzack da Wall suka kawo a 1965, cewa wani saƙon taɓi na iya rage wa saƙon zafi hanya a laka. Kowa ya san wannan a aikace, domin wanda ya buge gwiwar hannu mulmula wurin yake yi ba tare da an koya masa ba.

Labarin da ake yawan ji cewa a Sin ana fiɗa da allurar nan kaɗai yana bukatar gyara. Abin da ya tallata ta a Amurka shi ne rahoton James Reston na jaridar New York Times, wanda aka yi wa tiyatar afendis a Beijing a 1971. An kashe masa wurin da maganin asibiti kamar kowa. Allurar ta zo ne daga baya, don ciwon cikin da ya biyo bayan aikin.

To, tana aiki? Gwajin da ya fi ba da haske an yi shi ne a Jamus, aka wallafa a 2007, a kan mutum 1,162 masu daɗaɗɗen ciwon baya. An kasa su uku. Kashi na farko aka yi musu allurar yadda Sinawa suka tsara, na biyu aka soka musu sama-sama a wuraren da ba gurabe ba, na uku aka bar su da kulawar da aka saba, wato magani da gashi da motsa jiki. Bayan wata shida, kusan kashi 48 cikin 100 na rukunin farko sun samu sauƙi, na biyu kashi 44, na uku kashi 27. A dubi alƙaluman nan da kyau. Allura ta fi kulawar da aka saba nesa ba kusa ba, amma tazarar da ke tsakanin ta gaske da ta kwaikwayo ƙarama ce ƙwarai. A 2018 an tattara gwaje-gwaje 39 da suka ƙunshi mutum 20,827 masu ciwon baya da wuya da kafaɗa da gwiwa da ciwon kai. Nan an ga ta gaske ta ɗan fi ta kwaikwayo, kuma mafi yawan sauƙin yana nan bayan shekara guda. Ma'ana, wani kaso na amfanin daga sukar ne, wani kaso kuma daga kwanciyar rabin awa, da kulawar mai yi, da sa ran samun sauƙi. Mai ciwo ba zai raina ko ɗaya ba, amma wannan ya isa ya sa ka yi shakkar duk wanda ya ce shi kaɗai ya san wani ɓoyayyen gurbi da za ka biya ninki a kansa.

Shi ya sa hukumomi ba su yi baki ɗaya ba. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jiyya a Birtaniya ta yarda da zama har 10 cikin mako 5 zuwa 8 don rigakafin ciwon kai mai ɗaure goshi da ƙeya, da ciwon ɓarin kai in magungunansa ba su dace ba, amma ba ta ba da shawarar allurar ga ciwon baya ko zaizayewar gwiwa ba. Inshorar lafiya ta Jamus kuwa waɗannan biyun take biya. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2023 ta sa ta cikin abubuwan da za a iya gwadawa ga daɗaɗɗen ciwon baya, haɗe da motsa jiki. Babu ɗaya daga cikinsu da ta ce tana warkar da ciwon suga, hawan jini, sikila ko daji. Wanda ya ce ka ajiye maganin hawan jininka saboda allurarsa, tashi ka bar wurin.

Mataki na farko ba wurin mai allura yake ba. Ciwo ƙararrawa ce, kuma allurar na iya rage ƙarar alhali wutar na ci. Kafin komai likita ya duba ya faɗi sunan ciwon, ko a Barau Dikko, ko a Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada, ko a Shika, ko duk asibitin da ya fi kusa. A ƙasarmu ciwon baya da ke tafe da rama da zazzaɓin yamma da zufan dare na iya zama tarin fuka da ya kama ƙashin baya, kuma jinkirinsa kan kai ga doro ko shanyewar ƙafa. Ciwon kwiɓi mai zazzaɓi da zafin fitsari ƙoda ake fara zargi. Ciwon baya da ya zo da riƙewar fitsari ko kuɓucewarsa, ko mutuwar fatar tsakanin cinyoyi, ko ƙafa na raunana, na sashen gaggawa ne a ranar, ba gobe ba. Haka gwiwar da ta kumbura ta yi zafi rau ga zazzaɓi, da ciwon kan da ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba, da ciwon ƙirji, da tashin ciwon mai sikila. Inda allurar Sinawa ta dace shi ne ciwon da ya haura wata uku, an bincika, an san ba wani mugun abu a ƙarƙashinsa.

Sai zaɓen hannu. A Najeriya hukumar MDCN mai rajistar likitoci ita doka ta ɗora wa kula da masu wannan fanni, likitocin gashin ƙashi kuma hukumar MRTB ke ba su lasisi. Wasu daga cikin na biyun suna yin wani salo da ake kira busasshiyar allura, inda ake nufar ƙullin tsoka kai tsaye da irin wannan allurar ba tare da bin taswirar Sinawa ba. Ko wanne ne, tambayi inda ya yi karatu, tsawon lokacin da ya ɗauka, da takardar rajistarsa. Ba rashin kunya ba ne, kuma ƙwararre ba ya jin haushin tambayar. Kwas ɗin kwana uku a ɗakin taron otal ba ya koya wa mutum inda huhu ya tsaya.

Abu guda ba a sassauci a kansa: allurar ta zama sabuwa fil, a cikin ledarta ta masana'anta, a ɓare ta a gabanka, wa'adinta bai ƙare ba, a jefa ta kwalin zubar da allura da zarar an cire. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manyan Najeriya na ɗauke da cutar hanta nau'in B, ƙwayar cutar kuma tana iya rayuwa mako guda a kan ƙarfe. Jiƙa allura a sifirit ko a ruwan zafi ba ya wadatarwa. Haka nan tsarin “ga naka allurorin, za mu ajiye maka a kwalba har zama na gaba” ba abin karɓa ba ne, domin allurar da ta shiga jiki sau ɗaya ta gama aikinta. Mai yi ya wanke hannu, kuma kada yatsansa ya taɓa jikin allurar da zai shiga nama, mariƙin kaɗai.

Ranar zuwa, ci abinci marar nauyi awa ɗaya ko biyu kafin lokaci. Yunwa da gajiya da fargaba su ne manyan masu jawo jiri a zaman farko. Saboda haka mai azumi ya fi dacewa ya sa zamansa bayan buɗa-baki, musamman a zafin Maris da Afrilu. Sa tufafi masu yalwa da za a naɗe zuwa gwiwa da gwiwar hannu. Mace tana da damar neman mace ta yi mata, ko ta zo da 'yar rakiya, kuma a rufe ko'ina da mayafi ban da wurin da ake aiki. Gurabe da yawa ma a hannu da ƙafa suke.

Kada ka ɓoye komai a tambayoyin farko, waɗanda kan sa zaman ya kai awa guda. Mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin, ko mai cutar rashin daskarewar jini, ya faɗa, domin zurfin suka da wurinta za su canja, wani lokaci a fasa. Mai na'urar daidaita bugun zuciya ba a haɗa wa allurorinsa lantarki, abin da wasu masu aikin ke yi. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta fara mutuwa a guji tafin ƙafar da yatsunta, saboda rauni a nan ba ya saurin warkewa. Ba a suka kan gyambo, ƙurji, ko hannun da ya kumbura bayan tiyatar mama. Mai juna biyu, ko mai zaton tana da shi, ta faɗa tun a bakin ƙofa: ana kauce wa mara da ƙugu, da gurbin Hegu da ke tsakanin babban yatsa da manuni, da Sanyinjiao da ke yatsu huɗu sama da idon sawu ta ciki. Mai bin salon Sinawa zai duba harshenka ya riƙe bugun jini a wuyan hannu biyu. Al'adar aikin ce, amma ba ta maye gurbin gwajin asibiti.

A zaman farko a kwance ake yi, ba a zaune ba, ko da ciwon a wuya yake. Za a goge wurin, a ɗora ɗan bututun roba da allurar ke ciki, a ƙwanƙwasa kanta da yatsa ta ratsa fata, a zare bututun, sannan a tura ta zuwa zurfin da ake so, daga 'yan milimita a fuska zuwa santimita da dama a ɗuwawu. Shigarta kamar cizon sauro ne, wani wurin ma ba a ji. Daga nan mai yi zai ɗan murza ta, sai ka ji wani nauyi ko tsami ko ɗumi yana yaɗuwa a wurin. Wannan shi Sinawa ke kira dechi, kuma shi ake nema. Abin da ba a nema shi ne zafi mai kaifi da bai lafa ba, ko jan lantarki da ya harba zuwa yatsu. Wannan alamar an taɓa jijiya ce, faɗi nan take a janye ta kaɗan. Jarumtar cije baki ba ta da amfani a nan. Yawanci allura 5 zuwa 20 ake sawa, ga sabon shiga gara a tsaya a kaɗan, kuma kada ka yi mamaki in ciwon na baya ne amma ka ga allura a bayan gwiwa, ko ciwon kai ne aka soki hannu. Za a bar su minti 10 zuwa 30. Kada ka motsa gaɓar da ke da allura, domin tsoka in ta motsa tana lanƙwasa ta. Tambayi adadin da aka sa, a ƙirga tare lokacin cirewa. Mantuwar allura a gashin kai ko ƙarƙashin riga na faruwa.

Wasu kan maƙala wa allurorin waya daga ƙaramar na'ura mai batir, ka ji wurin yana bugawa a hankali. Ƙarfin ya tsaya inda tsoka ke ɗan motsi ba tare da zafi ba. Wasu kuma suna ƙona wani busasshen ganye dangin tazargade kusa da fata don ɗumama gurbin. Ƙuna ita ce matsalarsa, don haka wanda fatarsa ba ta jin zafi sosai ya ƙi shi, mai asma ma ya yi hattara da hayaƙin.

A hannun ƙwararru haɗarin kaɗan ne. Wani bincike a Jamus da ya bi mutum 229,230 ya samu kashi 8.6 cikin 100 sun ga wata matsala, mafi yawanta ɗigon jini ko kwanciyarsa a ƙarƙashin fata, abin da danna auduga na minti ɗaya ke tsayarwa, tabon kuma ya baje cikin kwanaki. Jiri kan fara da hamma, zufa mai sanyi da tashin zuciya. Maganinsa a cire allurorin duka, a kwantar da mutum a ɗaga ƙafafunsa, in ya dawo daidai a ba shi ruwa. Allurar da ta maƙale tsoka ce ta damƙe ta, ba a fizga, ana shafa gefen wurin ne har ta saki. Ba a kuma tura allura har mariƙi, domin a mahaɗar nan take karyewa.

Wanda ya kamata kowa ya sani shi ne hujin huhu. A cikin waɗancan mutum dubu ɗari biyu da ɗoriya sau biyu kacal ya faru, amma a hannun wanda bai san jiki ba lissafin daban ne. A saman kafaɗa, da tsakanin allon kafaɗa da ƙashin baya, da tsakanin haƙarƙari, huhun siririn mutum na iya kasancewa santimita ɗaya zuwa biyu kacal ƙarƙashin fata. Kuma nan ne daidai inda tela da mai aikin kwamfuta da mai ɗaukar kaya ke nuna wa da yatsa. In allura ta shiga a miƙe ta yi zurfi, sai ta huda rigar huhu, iska ta taru a ƙirji ta matse shi. Ƙwararre a nan gajeriyar allura yake ɗauka, ya kwantar da ita a karkace, ko ya tattaro tsokar da yatsu ya ɗaga ta kafin ya soka. Alamun ba lallai su bayyana a kan gado ba, suna iya zuwa bayan awanni: suka a ƙirji in an ja numfashi, numfashi sama-sama, busasshen tari. Wanda ya ga haka kada ya koma wurin mai allura, kada ya tsaya shafa man zafi. Ya nufi sashen gaggawa, ya faɗa musu ƙarara an soka masa allura a kafaɗa ko baya, a ɗauki hoton ƙirji. Ramammu, tsofaffi, masu shan taba da waɗanda suka taɓa tarin fuka su suka fi bukatar wannan taka-tsantsan.

Bayan an gama, zauna minti biyar zuwa goma kafin ka miƙe. Kasala da jin barci sun zama ruwan dare, don haka ranar farko kada ka tuƙa mota ko babur, hau Keke ko ka zo da wani. Alwala da wanka ba su da matsala. Ciwon na iya ɗan ƙaruwa kwana ɗaya ko biyu sannan ya lafa. Ja da kumburi da zafi da ke ƙaruwa a gurbin suka kuwa, ko ruwa na fita, alamar ƙwayar cuta ce, musamman a kunne in an bar ƙananan allurori a manne, domin guringuntsi ba ya samun jini sosai kuma yana wuyar warkewa.

Zama ɗaya ba ya isa a yanke hukunci, amma kuma ba a zama ba iyaka. Abin da aka saba shi ne sau ɗaya ko biyu a mako, jimilla 6 zuwa 12. Tambayi kuɗin zangon gaba ɗaya tun farko, ka haɗa da kuɗin mota, domin mai zuwa daga Rigasa ko Mararrabar Jos sau biyu a mako zai ji a aljihunsa, kuma kada ka biya na zama ashirin a dunƙule. Kafin zaman farko rubuta abu uku a takarda: tsananin ciwon daga 0 zuwa 10, ƙwaya nawa kake sha a mako, da wani aiki guda da ciwon ya hana ka, ko zaman tahiya ne, ko minti nawa kake iya yi kan keken ɗinki kafin ka miƙe. Ƙwaƙwalwa tana manta yadda ciwo yake a baya, takarda ba ta mantawa. In an yi zama biyar ko shida ba abin da ya motsa a cikin ukun nan, dakata, ka koma wa likitanka. In kuwa sauƙi ya samu, to lokacin ne na komawa sashen gashi a koyi atisayen ƙarfafa baya ko cinya, a gyara tsayin kujerar aiki, a kuma zauna da likita a rage diklofenak ɗin da ke cin ciki da ƙoda. Mai shan taramadol kullum kada ya yanke shi rana ɗaya don ya ji daɗin allura. A hankali ake sauka daga kansa, bisa tsarin da likita ya shata.